Layuka Huɗu na Madam Jean

Shekaru sun ja, amma wata Alhamis ta ƙarshen Satumbar 2007 ba ta taɓa fita daga kaina ba. Ku da kuka fara aikin inabi bana kun sha tambayata labarin. Ga shi, sau ɗaya zan faɗa.

Sunana Ishaya. Daga wani ƙauye a Filato na fito. Ban yi boko ba, noma na sani. A lokacin ina zaune a Levenshulme, wata unguwa a Manchester ta Ingila, da matata da yara biyu, a wani flat saman shago. Agency, wato kamfanin da ke samo wa gonaki ma'aikata, ita ce ta haɗa ni da wata gonar inabi. Litinin da sassafe ƙaramar bas ke ɗaukar mu a Stockport Road, mu wuce Birmingham, mu ƙara tafiyar kusan awa guda. A caravan muke kwana, irin ɗakin nan da mota ke ja, Juma'a da yamma mu koma Manchester.

Tsarin wurin ba shi da wuya. A sama akwai mai gona, Mista Howard, tsoho ne da ya haura saba'in, mu Baba muke ce masa. Ƙarƙashinsa ma'aikatan dindindin biyu, masu tarakta da ɗakin matse inabi. Mu 'yan agency mu ne a ƙasa. Ba a korar ɗan agency. Litinin ce kawai za ta zo ba a kira shi ba.

Abokin aikina Malam Sani ne, ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a Cheetham Hill, shi ma a Manchester. Ƙafarsa ba ta taɓa taka ɗakin matsa ba, don giya ake yi a can. Yakan ce, "Ni 'ya'yan itace nake tsinka. Abin da suke yi da su a ciki, wannan tsakaninsu da Allah."

Ga wanda bai san aikin ba, shekarar inabi haka take tafiya. A Janairu kurangar, wato itacen inabin, tana tsaye kamar busasshen icce, a yi mata aski. A Afrilu ta yi toho. Wajen ƙarshen Yuni ta yi fure. 'Ya'yan suna fitowa a dunƙule, kowane dunƙule shi ne nono guda. A Oktoba a girbe. Tsakanin fure da girbi abu ɗaya ake roƙo, rana. Rana ce ke sa zaƙi a cikin ɗan inabi, zaƙin kuma shi ke zama ruwan inabi. A ƙasarmu rana har ta ishe mu. A Ingila aron ta ake yi. Shi ya sa a Agusta ake ragi: a yanke wasu nonna tun suna kore a zubar, don ragowar su samu su nuna kafin sanyi ya sauko.

A can saman gangare, jikin wata tsohuwar katanga, akwai layuka huɗu na baƙin inabi. Matar Baba, Madam Jean, ita ta dasa su da hannunta. Lokacin da na zo ta shekara biyu a wani care home, gidan kula da tsofaffi, a Birmingham. Ciwon mantuwa ne. Baba yana zuwa wurinta kusan kullum da rana, ita kuwa takan ɗauke shi likita ko mai gyaran taga. Abu ɗaya ya rage a tsakaninsu. Duk ƙarshen Satumba yakan yanki nono guda daga layukanta ya kai mata. Ta tauna, ta tofa ƙwayar a tafin hannu ta duba launinta, sai ta ce, "A jira kwana goma," ko ta ce, "A tsinke." Abin da ta ce shi ake yi. Kowa a gonar ya san wannan.

Shekarar nan ruwa ya yi yawa. Yuni ruwa, Yuli ruwa, har hanyoyi suka cika. Furen yawancin gonar ya kakkaɓe, layi guda sai ka ƙirga nonnan da ido. Layukan Madam kaɗai, da katanga ta kare su daga iska, suka yi lodi har wayar da ke riƙe da su tana lanƙwasa.

A mako na biyu na Agusta Baba ya kira ni can, ya miƙo mini almakashi. Turancina kaɗan ne, sai ya nuna mini da hannu. Ya kama reshe mai nono biyu, ya yanke ɗaya, ya faɗi ƙasa.

Ya ce, "Rabi, Ishaya. Kowane reshe nono ɗaya. Ka tsinke ganyen da ya rufe su, iska ta shiga. Kai na ba, don hannunka ya fi na kowa hankali."

Na ce to.

Ya tsaya har na gama kuranga uku na farko, sannan ya shiga mota ya tafi Birmingham. Gwiwarsa ba ta barin sa hawa gangaren sosai.

Na isa kuranga ta huɗu na tsaya. Ragi ba baƙon abu ba ne a wurina, a gida ma muna rage gero tun yana ƙarami. Amma wannan ba tsiro ba ne. Abinci ne da ya riga ya fito, yana rataye da nauyinsa. Ina yaro an yi fari a wajenmu. Mun ci dusa, mun ci ganyen da awaki ke ƙi. Ƙanwata Saratu ba ta kai kaka ba. Tun daga nan ban taɓa zubar da ko loma ba. Yanzu ga shekarar da gona duka ta ƙi, wuri ɗaya Allah ya ba da, an ce in zubar da rabinsa. Hannuna ya ƙi.

Abin da na yi shi ne, a bakin kowane layi na yi wa kuranga uku ragi yadda aka ce, na bar nonnan zube a ƙasa inda ido zai gani. Sauran duk na bar su. Maimakon in tsinke ganye, sai na jawo shi na rufe nonnan. A raina na ce tsohon nan bai san yunwa ba, in girbi ya zo zai gode mini.

Malam Sani ne ya gane. Ya hau kawo mini shayi, ya bi layin da ido, ya duba ƙasa.

Ya ce, "Ɗan Filato, ina naka da ka zubar? Ko cinye su ka yi?"

Na ce, "Sha shayinka."

"Wallahi kai dai. An ba ka almakashi ka mai da shi abin ado." Ya ɗaga ganye, ya ga lodin, ya daina dariya. "Ishaya, mutanen nan sun fi mu sanin samansu. Ni ba zan kai ƙara ba. Amma in aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Na ce ba wanda zai tambaye shi.

Satumba ta shiga da hazo da raɓa mai yawa. Na riƙa hawa ni kaɗai ina leƙawa. Na bakin layi sun yi baƙi sun fara zaƙi. Na ciki sun tsaya rabi ja rabi kore. A mako na uku na ɗaga ganye na ga furfura, wata fumfuna mai launin toka tana cin nonnan daga tsakiya, inda suka matsu ba iska. Na sa yatsa, ɗan inabin ya fashe, wari ya taso. Na mayar da ganyen. Kwana shida ban gaya wa kowa ba. Abinci ma bai shiga ba, ni da ba na barin abinci.

Ranar Alhamis da safe na hango Baba yana hawowa da sanda da ƙaramin kwando. Ranar kai wa Madam ce. Na tare shi a bakin layi.

Na ce, "Baba, ban yi ragin ba. Uku-uku kawai na yi. Sauran na ɓoye."

Ya shiga layi na uku a hankali, yana ɗaga ganye da kan sanda. Ya je tsakiya ya tsaya. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Me ya sa?"

Na gaya masa. Ba dogon bayani, Turancin ma bai kai ba. Na ce fari, na ce ƙanwata, na nuna masa tsawonta da hannu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Layukan nan sun tafi bana."

Na yi sauri na je bakin layi na yanko nono mai kyau, baƙi wuluk, daga waɗanda na rage. Na ce ya kai mata wannan, ba za ta sani ba.

Ya ce, "A'a. Daga tsakiyar layi na uku take ɗauka, tun tana hawowa da ƙafarta. Shekara arba'in da shida ban taɓa yi mata wayo ba, ba zan fara yanzu da ba ta iya kama ni ba." Ya zaɓi wanda fumfunar ba ta ci sosai ba ya sa a kwando. "Je ka wanke hannu. Tare za mu tafi."

Muka kama hanyar Birmingham. Ni na riga na sallama aikin. Ba shi ke damuna ba. Magana ɗaya mutumin nan ke samu daga matarsa a shekara, ni kuma na ruɓar da ita.

Muka same ta a kujera bakin taga, ƙaramar tsohuwa, an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Baba ya gaishe ta, ta dube shi kamar mai jiran ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ajiye kwandon a cinyarta. Hannunta ya tafi da kansa. Ta ɗaga nonon, ta juya shi, ta shinshina. Ta tsinki ɗaya ta tauna. Fuskarta ta yamutse. Ta tofa ƙwayar a tafin hannu, kore shar.

Ta ce, "Wa ya yi ragin nan?"

Baba ya buɗe baki, na san kansa zai ɗora wa. Na riga shi. Na ce, "Ni ne, Madam."

Ta ce, "Matso."

Na durƙusa a gabanta. Ta kama yatsana ta tura shi tsakiyar nonon inda ya ruɓe. Ta fara faɗa. Rabinsa ban ji ba, amma na ji iska, na ji rana, na ji Agusta. Ta ce kuranga uwa ce marar wayo, duk abin da ta haifa sai ta ce za ta shayar, aikinka ne ka hana ta. Ta ce tausayin da ba ya iya riƙe almakashi ya zauna a gida. Wata ma'aikaciya ta leƙo daga ƙofa ta tsaya da baki buɗe.

Sai ta juya ta dubi Baba, ido cikin ido.

Ta ce, "Kai kuma, Howard, kana ina aka yi wannan? Sau nawa zan gaya maka kada ka bar sabon mutum shi kaɗai a layukana?"

Baba ya ce, "Ina nan wurinki, Jean."

Ta ce, "To ga abin da zamanka ya jawo. Ku yanke su duka kafin fumfunar ta kama na ƙasa. Kuma gwiwar nan taka, ka je an duba?"

Ya ce zai je. Ta ƙara yi masa faɗa kaɗan, yana tsaye yana cewa to, to. Bayan haka ta gaji. Ta mai da ido taga, ta tambaye mu ko mu ne masu gyara.

Da muka fita daga gari Baba ya tsayar da mota a gefen hanya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Na kasa gane kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne. Ni dai na dubi gabana.

Ya ce, "Tun bikin Ista ba ta kira sunana ba."



Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Kada ka sake, ka ji? Ba zan iya asarar layi huɗu duk shekara don a yi mini faɗa ba." Ya tayar da mota. "Wataƙila layi ɗaya."

Washegari muka yanke su duka kamar yadda ta ce. Ni na riƙe almakashi, Malam Sani yana jan kwando, yana tsokanata cewa yau dai hannun Ɗan Filato ya warke. Baba ya zauna a kan katanga yana kallo. Abin da na ƙi zubar da rabinsa a Agusta, na zubar da shi gaba ɗaya a Satumba. Ko kwalba ɗaya ba a samu daga layukan Madam ba a shekarar. Litinin ta zo, aka kira ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ranar ƙasar nan ba ta isa ta nunar da duk abin da kuranga ta haifa, wanda bai yarda da wannan ba zai rasa duka. Mutanen aikin kuma na ɗauka ba su san rashi ba ne shi ya sa suke zubarwa. Ashe sun san shi sarai. Duk shekara sama tana ƙwace musu wani abu, sun saba su karɓi abin da ya rage da hannu biyu. Har yau in na yanke koren nono ya faɗi ƙasa, Saratu nake tunawa. Ina yankewa duk da haka.