Karen Zubairu da Farar Riga

Zubairu mutum ne mai zargi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ka gaishe shi sau biyu a wuni ɗaya, sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Shekara goma sha ɗaya ina sayar masa da ƙosai a bakin layinmu na unguwar Itapagipe, ban taɓa ganin ya kai ɗaya baki bai fasa ya duba cikinsa ba.

"Ba da ke nake ba, Yaya Lantana," ya kan ce. "Duniya ce."

"To gobe ka sayi na duniya," in ce masa.

Bazazzagi ne, yana saurayi aka kamo shi, aka ƙetaro teku da shi bawa zuwa wannan ƙasa. Ya yi shekaru yana ɗaukar Turawa a kujera daga bakin teku zuwa kan tudun birni, har ya fanshi kansa. Da kafaɗa ta ƙi, ya koma saƙar malafa. Daren tawayen da bayi Musulmi suka yi a azumin 1835 zazzaɓi ya kwantar da shi, waɗanda suka fita kuwa aka karkashe su a unguwar Água de Meninos. Daga baya ya ji cewa daga cikin gida maganar ta fita, shi ke nan bai ƙara yarda da kowa ba.

Bayan tawayen, wanda duk aka samu da farar riga ko takarda mai rubutun Larabci ya shiga uku. Zubairu ya ƙone allonsa, amma ya kasa ƙone rigar. Ya binne ta a akwati ƙarƙashin ganyen taba saboda asu. Sai dare ya raba yake kunna fitila, ya sa ta, ya yi sallarsa. Mutum ɗaya ne ya sani, Mahmudu tela, Bakanon da ya ɗinka ta. Kullum da yamma tare suke cin tuwo suna hira da Hausa, a unguwar da kowa ya koma Yarbanci. Ban da shi Zubairu ba shi da kowa.

Sai wani kare mai ruwan toka ya biyo shi daga kasuwar kifi, ya ƙi koruwa. Ya sa masa suna Toka. Mahmudu ya yi ta tsiya.

"Musulmi da kare? Sai ka koya masa alwala."

"Ai ya fi ka riƙon amana, ba ya magana."

Amma bai taɓa barinsa ya tsallake ƙofa ba, saboda najasa. A waje yake ɗaure shi, jikin ƙyauren katako.

Ba a daɗe ba Toka ya fara gurnani. Ba haushi ba, gurnani ne ƙasa-ƙasa, kuma kullum daidai lokacin da Zubairu ya sa riga ya tayar da salla. Sai ya hure fitila, ya cusa rigar a akwati, ya leƙo. Ba kowa, kare na kaɗa wutsiya. Ya yi lissafinsa: wani ne ke laɓewa yana kallonsa don ya kai wa 'yan sintiri labari, kuma mutum ɗaya ne ya san lokacin.

A gabana ya faɗa masa, yana riƙe da ƙosai.

"Me suka yi maka alkawari, Mahmudu?"

Mahmudu ya dube shi ya ce, "Ni na ɗinka ta, Zubairu. In sun kama ka, wa za su nema na biyu?"

Bai sake zuwa cin tuwo ba. A 1846 ya shiga jirgin da ke komar da 'yantattu Ikko, bai yi masa sallama ba. Gurnani bai tsaya ba. Zubairu ya ce ai ya bar wa wani aikin ne.

Ni da ma tun kafin asuba nake tashi niƙan wake. Ran nan na gaji da ƙorafinsa, na ja dutsen niƙana zuwa bakin ƙofata inda nake hangen tasa. Haske ya fito ta tsagar ƙyaure. Toka ya miƙe, gashin bayansa ya tashi. Na duba layi daga sama har ƙasa, ko kyanwa babu. Karen ma bai dubi layi ba. Hancinsa na cikin tsagar, ɗakin yake wa gurnani.

Da gari ya waye na ce, "Kai da ba ka barin kare ya shiga ɗaki, ka taɓa ganin inda yake fuskanta in yana yi?"

"Yaya zan gani ina ciki?"

"To kai yake wa. Bai san ka da farar riga ba. Yana ganin wani dogon fari mai warin taba ya shiga ɗakin ubangidansa yana sunkuye-sunkuye. Gadinka yake yi."

Ya ce ƙarya ne. Na ce ya gwada. Muka ja karen bayan ɗakinsa inda ba mai gani, ya shiga ya fito da rigar a jikinsa. Toka ya ja da baya, ya bayyana haƙora. Zubairu ya tsuguna ya kira sunansa, ya miƙa masa hannu. Karen ya sansana, ya sansana, sai ya lashi hannun rigar. Zubairu bai janye ba. Ya zauna a ƙasa, har na koma wajen kaskona bai tashi ba.

Daga ranar gurnani ya ƙare. Kada a ce ya sake hali, don har ya mutu yana fasa ƙosaina. Abin da ya ƙaru shi ne zuwa tashar jiragen ruwa. Shekara uku, duk jirgin da aka ce Ikko za shi, sai ya ɗingisa can, Toka na biye da shi, ya bi masu tafiya ɗaya-ɗaya. Yawancinsu Yarbawa ne, ba su san Mahmudu ba. Amsa ba ta taɓa dawowa ba. Ko a ciwonsa na ajali, duk wanda ya leƙo, abin da yake roƙo ke nan:

"In Allah ya haɗa ku da wani tela Bakano, Mahmudu, ku ce masa Zubairu ya ce karen ne. Ku ce ya yafe mini."