Murfin kwalbar da ya faɗa kogi

Shekarun baya can, wajen lokacin da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, ƙanena ya baro soja ya dawo Malumfashi, ya kafa rumfar kafinta a bayan kasuwa. Ni ban yi boko ba. Wannan ma jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don a unguwarmu in ana neman mai ba da labari ba a tsallake ƙofata.

Ƙanen nan nawa ya yi yaƙin basasa. Ya tafi da baki kamar rediyo, ya dawo sai ka yini da shi bai ce maka uffan ba. Ya kuma dawo da wata ɗabi'a: ba ya faɗin abin da idonsa bai gani ba. In ka ce masa, "An yi ruwa a Ƙafur?" sai ya ce, "Na dai ga hadari ta can."

Ɗabi'ar nan ce ta ɗaure ƙawata. Mijinta mutumin Dayi ne, tare suka shiga soja da ƙanena, kuma jirgi ɗaya suka hau ranar da aka ce su ƙetare wani babban kogi a kudu. Jirgin bai kai gaɓa ba. Ƙanena ya fito rungume da wata ganga, mijinta kuwa shiru. Duk sanda ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Na ga ya shiga ruwa. Ban ga gawarsa ba." Ita kuma sai ta riƙe rabin maganar na biyu. Ba ta yi takaba ba, ta ƙi zuwa wajen alƙali, ta ƙi sauraron masu neman aurenta. Garmarsa na rataye a ɗakinta, ko aronta ba ta bayarwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mace da ƙuruciyarta tana zaune tsakanin aure da rashinsa.

Wata kakar auduga na biya rumfarsa in karɓi kujerar tsuguno da na ba shi gyara, sai na tarar ya kwantar da ƙyauren wata tsohuwar taga, ya zana gidaje a kai irin na ludo, ya shafe tsakiya da shuɗin fenti. Murafun kwalba jere a gefe.

Na ce, "Kofur, mene ne wannan kuma?"

Ya ce, "Wasa ne, Yaya. Yara sun dame ni in ba su labarin yaƙi. Bakina ba ya iyawa. Na ce bari hannu ya gwada."

Dokar wasan mai sauƙi ce. Murafun su ne sojoji. Ka jefa ƙwayar ludo, ka tafi da murfinka gida-gida, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Matsalar ita ce shuɗin fentin ya cinye kusan duk ƙyauren. Gaɓar nan siririya, gaɓar can siririya, sauran duk ruwa, kuma cikin ruwan ya sa jajayen ɗigo birjik inda harsashi ke sauka. Yaran kasuwa sun gwada, babu wanda ya taɓa ƙetarewa. Suka watse suka koma langa.

Maƙwabcin rumfarsa wani Ibo ne mai sayar da ƙusa da fenti, wanda ya gudu lokacin rikici ya dawo bayan yaƙi, Hausa a bakinsa kamar a Funtua aka yanke masa cibiya. Shi ya ba da fentin. Ya leƙo yana dariya ya ce, "Hajiya, ki yi masa magana. Ya ƙarar mini da shuɗi, har yanzu wai kogin bai kai faɗinsa ba."

Ƙanena ya ce, "To ƙarya na yi? Kai da ka san kogin. Daga wannan gaɓa kana hango mutum a waccan?"

Ibon ya ce, "Ba ka hangowa. Amma Kofur, ko ƙofar masallacin Juma'a aka ciro maka ba za ta ɗauki ruwan nan ba, balle taga."

Nan fa na gyara zama, don an zo fagena. Na ce wa ƙanena, "Kai, saurara. Ni in ina ba da labarin mutumin da ya tafi Makka a ƙasa, kana tsammani nakan bi shi zango-zango? Da yara sun yi barci kafin ya kai Zariya. Nakan ce ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai in tsaya in sha ruwa. Shirun nan da na yi, shi ne nisan. Rage koginka. Ka sa doka cewa wanda ya shiga ruwa, kome ƙwaya ta ba shi, rabi zai tafi. Zai ji faɗin kogin a ƙirjinsa, ba sai ya gani da ido ba."

Ya daɗe yana kallon ƙyauren. Ya ce, "Ba ƙarya ba ce?"

Na ce, "Ƙarya ita ce ka ce an ƙetare da sauƙi."

Ya kankare fentin. Kogi ya koma kamar faɗin tafin hannu biyu, jajayen ɗigo suka ragu, aka sami wurin gari da tasha a gaɓa. Ibon ya ce a sa kasuwa a waccan gaɓar, don akwai ta, uwarsa ma a can take sayar da busasshen kifi. Ƙanena ya ce bai gan ta ba. Ibon ya ce, "Ina za ka gan ta, kai da ba ka iso ba? Ni na gani, zana." Ya zana.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce a kawo wasan gidana ranar Juma'a bayan la'asar mu gwada, don in nuna wa matan unguwa aikin da na sa hannu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ƙawata na nan, ta zo taya ni tsinke yakuwa. Na ja ta na ce sai ta yi, ta ce ita ba yarinya ba ce, na ce ni ma ba yarinya ba ce amma ga ni. Ƙanena ya tsuguna daga gefe, kansa a ƙasa, yana faɗa mana doka.

Muka yi ta jifa ana shewa. Murfina ya shiga ruwa yana rarrafe, ina zagin ƙwaya. Can sai nata ya sauka daidai kan jan ɗigo.

Ta ɗauke shi ta riƙe. Ta ce, "To, yanzu ina zan sa shi?"

Ashe duk gwajin da aka yi a rumfa, yaran da zarar sun faɗa ɗigo tashi suke su tafi, ba a taɓa yanke wannan ba. Ni da saurin baki na ce, "Mayar da shi gida mana, kamar ludo. In kin sami shida ya sake fitowa."

Ƙanena ya ce, "A'a."

Na ce, "Kai Kofur, in ba ya dawowa ai murafun za su ƙare, wasa ya mutu tun ba a je ko'ina ba."

Ya ce, "A ƙara murafu. Haka aka yi mana, ƙaro wasu aka yi ta yi. Amma wannan ba ya komawa gida."

Na ce, "To a ajiye shi gefe, a ce ba a sani ba."

Ya ce, "Babu gidan ba a sani ba a kan katakon nan, Yaya. Na nema, babu inda zan zana shi. Ko ya dawo, ko bai dawo ba." Ya ci gaba da cewa, "Na rage kogin, na yarda. Na sa kasuwar da ban gani ba, na yarda. Wannan ba zan sa ba. Na kwana a gaɓar nan, na yini. Duk wanda ruwan ya ɗauka daga tsakiya, ban ga ko ɗaya ya fito bayana ba. Ko ɗaya."

Sai a lokacin na tuna wadda ke riƙe da murfin.

Ƙawata ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dube shi ta ce, "Malam, da ni kake?"

Ya ɗago, karo na farko da na ga ya haɗa ido da ita tun dawowarsa. Ya ce, "Da ke nake. Ki yafe mini. Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Amin." Ta ƙulle murfin a bakin zanenta, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Cikin makon aka je wajen malamai da alƙali, ƙanena ya faɗi abin da ya gani, wannan karon har ƙarshe. Aka yi addu'a a Dayi, ta shiga takaba. Da damina ta kama, ta aika wa ƙanen mijin da garmar. Daga baya ta yi aure a Funtua, ta haifi 'ya'yanta, har na je suna. Wasan kuwa ya zauna a rumfa shekaru, yara na yi, suna faɗa a kan wa zai riƙe murfin lemo wa zai riƙe na tonik, har fentin ya goge.

Abin da ya tuno mini da wannan, jikana ne, wanda yanzu sana'arsa ke nan, haɗa wasannin yaƙi da ake yi a waya. Ya zo gaishe ni yana ƙorafi wai yana so ya sa gari guda yadda yake a tarihi, amma waya ba ta ɗauka, sai ta yi zafi ta tsaya. Na yi dariya na ce ashe har yau ƙyauren tagar bai ƙara faɗi ba.

Na daɗe ina tunani a kan ranar nan. Ni na san abin da ake ragewa a labari, wannan ba na bar wa kowa. Amma ƙanena ya san abin da ba a taɓawa, kuma da na biye wa kaina da na mayar da mataccen gida don kawai wasa ya yi daɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙanƙantar katakon da muke ta zagi ita ce ta matse shi har ya faɗi gaskiyar da bakinsa ya kasa shekara da shekaru.

Na ce wa jikan nawa, "Rage garin yadda wayarka za ta ɗauka, ba wanda zai kama ka da laifi. Amma wanda ya faɗi a wasan naka, ka zauna ka yanke abin da zai same shi. Kuma ka yanke kamar matarsa na zaune a kan tabarmar, da murfin a hannunta."