Tsohuwar Poland da Tukwanen Kakata

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da na dawo Wudil daga ƙasar Poland.

Kwas ɗin aikin gona aka tura ni wani ɗan gari a can, wanda ko rabin Wudil bai kai ba. Tsohuwar da na kama haya a gidanta ta kai ni gidan tarihinsu wata Lahadi. Tukwanen ƙasa ne jere cikin gilashi, kowacce da sunan maginin da ya yi ta. Daga nan ta nuna mini wani gini a garƙame, ta ce wurin ibadar Yahudawan garin ne. A yaƙin duniya na biyu aka kwashe su, ba wanda ya dawo.

"Mahaifiyata ta san su gida-gida," in ji ta. "Ni kaɗan na riƙe. Jikokina kuwa suna Jamus, babu ruwansu."

Sai ta tambaye ni wa ke riƙe da tarihin garinmu. Na ce kakata, maginiyar tukwane ce, ta san zamanin da ake fiton kogi da kwalekwale, ta san waƙoƙin da mata ke yi wajen ɗibar yumɓu. Ta ce, "In ka koma, ka zauna a gabanta."

Da sabuwar rikodar ɗaukar murya a jaka na sauka Wudil. Ko ruwa ban sha ba na nufi ɗakin kakata, sai kawuna ya tare ni a tsakar gida. "Ɗana, don karatunka muka ɓoye maka. Ɓarin jikin Inna ya shanye tun da azumi. Ba ta magana."

Na shiga na durƙusa. "Inna, ga maigidan naki ya dawo." Da can sai ta ce ba ta son miji mai yawo. Ranar kuwa ido kawai ta kafa mini, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Na fito na leƙa bayan gida, inda take gasa tukwane, na tarar an share wurin an kafa shagon cajin waya.

Na bi tsofaffin unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce, "Ai ita ce ta sani." Kafin damina ta faɗi Allah ya karɓi abarsa.

Tun daga nan na gane ba sai an yi yaƙi gari ke rasa tarihinsa ba. Tsohuwa ɗaya ta yi shiru, shi ke nan. In kana da tsoho a gida, ka je yau ka tambaye shi.