Amanar Yaƙub Batatare

Babana, Uzair Maiturare, shekara arba'in yana sayar da turaren wuta a unguwar Misfala ta Makka, lokacin Hajji kuma ya tura keken gajiyayyu a Mina. A 2012 aka haɗa shi da wani tsoho fari sol, mai suna Yaƙub, daga wani ɗan ƙaramin gari a gabashin Poland. Ni nake yi musu tafinta da ɗan Turancina. Ashe akwai Musulmi can! Tatar ake ce musu. Kakanninsu mahaya dawakai ne da suka zauna tun ɗaruruwan shekaru, harshensu ya ɓace, salla ta tsira. Masallacinsu na katako ne, maƙabarta kuma cikin kurmi.

Ciwo ya kayar da Yaƙub bayan jifa. A asibiti ya damƙa wa Baba wani littafin addu'o'i rubutun hannu, har da hatimai, bayansa kuma sunayen duk limaman garin da mamatan gidansu. Ya ce babu kwafinsa ko'ina, a mayar da shi masallacin. A Makka aka binne shi.

Shekara huɗu Baba yana riƙe da littafin nan a naɗe cikin harami. Ko gidan waya ya ƙi yarda da su, wai hannu da hannu aka ba shi. Da mijina, Abdulwahab, mai digirin digirgir a aƙida, ya tashi zuwa taro a Turai, Baba ya miƙa masa yana murna. Ya dawo ya ce, "Khalas, Baba, na kai."

Bayan shekara biyu jikar Yaƙub ta zo Umra, ta nemo mu har gidanmu a unguwar Ka'akiyya, ta tambayi littafin muna tsakiyar cin abinci. Baba ya waiwayi surukinsa.

"Tsibbu ne a ciki, Baba," in ji Abdulwahab, ko kunya babu. "Na ƙone shi tun kafin in tafi."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da Baba ya ba shi 'yarsa, ya ba shi ɗaki!

Baƙuwar ta dube ni da murmushi, tana jiran fassara. Baba ya ture farantinsa gefe.

"Hanifa," ya ce, "kada ki rage mata komai. Ki kuma gaya mata ni na ba shi littafin."