Turmin Iya a Saman Gidan Dutse

Wata ranar Alhamis ce cikin watan Sha'aban, ina 'yar shekara tara ko goma, muna saman gidanmu a tsohon garin Jidda ni da kakata, wadda muke kira Iya, muna dakan geron kunun azumi. Ita da babbar taɓaryarta, ni da wata 'yar guntuwa da aka yanke mini, muna lugude tana yi mini tsiya wai hannuna kamar na wadda ba ta karya kumallo ba. Sai ga Khala Su'ad, maƙwabciyarmu mutuniyar Yaman da ke zaune a hawan da ke ƙasanmu, ta ɓullo daga matakala tana haki, riƙe da farantin shinkafa. Girarta fara fat, mayafinta fari, shinkafar ma ta sha ɓarɓashin farar ƙasa. Ta dire farantin a gaban Iya. Iya ta jingine taɓarya, ta sunkuya ta tsince ɓarɓashi da yatsa, sannan ta ce da Larabcinta wanda har ta bar duniya bai miƙe ba: "Malesh, ya jara, yi haƙuri maƙwabciya, rufinki ne ya tsufa." Khala Su'ad ta ce rufin ya tsufa tun kafin a haife ta, amma bai taɓa zuba mata cikin abinci ba sai da muka tare. Ni kuwa dariya ta ci ƙarfina har na laɓe bayan turmi. Ban san daga wannan faranti za a fara maganar da za ta raba ni da Iya ba.

An ce tun zamanin da Turkawa ke riƙe da garin wani attajiri ya gina gidan, kuma alamunsu na nan: gilasai ja da kore a saman ƙofar shiga, sandunan ƙarfe da jirgin ruwa ya kawo daga Turai, da wani ɗakin wanka mai 'yar ƙubba wanda mu muka mayar ma'ajiyar gawayi da albasa. Da dutsen teku aka yi ginin, idan shafen ya ɓare ka matsa kusa za ka ga ƙananan ƙwanson halittun ruwa a jikinsa. Magina sun riƙa shimfiɗa katako cikin bango bayan kowane 'yan layuka, saboda haka gidajen lungunmu ba su cika faɗuwa farat ɗaya ba, sai dai su karkace su jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti. Lokacin zafi, idan laimar teku ta sauko, bangon hawan ƙasa zufa yake yi, gishiri ya fito masa fari-fari, mu yara mu lasa mu tofar. Ashana ba ta kamawa, mayafi ba ya bushewa a kan igiya. Iska duk tana sama, don haka a irin waɗannan gidaje darajar mutum daidai take da yawan matakalar da yake hawa.

Jikokin attajirin sun daɗe da komawa sababbin unguwanni na siminti, suka bar gidan a hannun wakili yana ba da haya hawa-hawa. Babana a bukkar kara aka haife shi a unguwar Ruwais, ya girma yana dako a bakin tashar jiragen ruwa har ya zama shugaban 'yan dako. Ranar da ya karɓi mabuɗin hawan ƙarshe, in ji mahaifiyata, ya tsaya a tagar yana kallon teku har abinci ya huce. Yana yaro ya sha ɗauko kaya zuwa ƙofar irin waɗannan gidaje, ba a taɓa ce masa ya wuce zaure ba. Yanzu ga shi a sama, shi da uwarsa da matarsa da 'ya'yansa. Ba mai yawan magana ba ne, amma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya nuna masa inda ake hango jirage.

Ni ma gidan ya shiga raina. Wurin zamana shi ne roshan, wato tagar katako mai saƙa da ke turo ciki waje a kan lungu, mai faɗin da yara biyu za su kwanta a ciki. Kana ganin kowa, ba mai ganinka. Aikina kullum da la'asar in wanke tulunan ruwa, in turara su da ƙaron ƙamshi da ake kira mistika, in cika su in jera a bakin saƙar don iska ta sanyaya su. Daga nan nake zura kwando da igiya in mai burodi ko mai wake ya zo wucewa, daga nan kuma muke hira da 'yan ajinmu na gidan da ke kallonmu, don lungun bai kai faɗin tabarma biyu ba. Da safe in sauko da jakar makaranta a guje, matakalar tana juyawa cikin duhu, na san kowace matakala da tafin ƙafata, na san wadda ta lotsa da wadda ke motsi. In an tashi mu baje 'yar carafke a kan dandamalin zaure har sai an kira sunan mutum daga sama.

Iya kaɗai ce gidan bai burge ba. Tana amarya ta baro wani ƙauye a ƙasar Katsina da mijinta, suka yi shekaru a hanya suna noma suna gaba, ta Chadi da Sudan, kafin su tsallako teku. Turminta a hanya wani masassaƙi Bahaushe ya sassaƙa mata, ya yi baƙi ya yi santsi, gindinsa ɗaure da waya. In muka kira ta Sitti, wato kaka, irin na yaran Jidda sai ta yi kamar ba ta ji ba, har sai mun ce Iya. Game da gidan kuwa maganarta ɗaya ce: "Wannan ba gida ba ne, kwando ne aka rataye mu a ciki." Ta rasa yadda za a yi mutum ya gina bene har sama ya manta da tsakar gida. Abin da ya fi kama da tsakar gida shi ne wani fili marar rufi a gefen ɗakunanmu, mai katangar bulo mai huji-huji, wanda ake kira kharja. Mutanen gari shimfiɗa suke yi a wurin su sha iska. Iya ta kafa murhu, ta shanya kuɓewa da barkono, ta ajiye kaji biyu, ta girke turmi a tsakiya. Tana idar da asuba za ta fara, gero ne, yaji ne, gyaɗar ƙuli-ƙuli ce da take aika wa masu tsire. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne cewa ƙasan tsakar gidanta rufin ɗakin wata ne, 'yan katakai ne da tabarmar kaba da farar ƙasa.

Bayan maganar farantin an gwada dabaru. Baba ya kawo buhunan algarara aka ninka ƙarƙashin turmi, Iya ta ce daka ba ya ci, kamar tana dukan katifa. Aka ce ta sauka zaure, ta ce ita ba za ta tsaya tana daka maza na ratsa ta ba, ga shi kuma wani mai yadi ya cika wurin da diloli. Baba ya ɗauki geron ya kai inji, ya dawo da gari mai laushi yana murna. Ta dama fura, ta kurɓa, ta ture ƙwaryar ta ce ƙarfe take ji. Ta yi 'yan kwanaki ba ta taɓa taɓarya ba, ta zauna a gindin katanga tana jan carbi, ba tsiya ba dariya, ko kiran da take yi mini na ƙawata ta daina. Wannan shirun ya fi dakan tayar mini da hankali. Ni ce na roƙe ta mu ɗan yi a hankali in Khala ta tafi kasuwa, na zama mai gadi a roshan ina leƙen dawowarta. A hankalin Iya kuwa, har mai shagon ƙasa yana ji.

Da ruwan hunturu ya sauka, irin na Jidda da ke zuwa sau ɗaya ya cika lunguna, rufin Khala Su'ad ya tsage, katako ɗaya ya lanƙwaso har ana iya taɓa shi da hannu. Wakili ya zo, ya hau yana share zufa, ya dubi tsagar, ya dubi turmi. Bai tambayi rabon gidan da shafe ba, bai duba indararon da ya toshe tun kafin mu zo ba. Ya ce wa Baba: "Ya Abu Asiya, halas, magana ta ƙare. Ko wannan abu ya fita, ko ku fita gaba ɗaya." Asiya ni ce, kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina ji.

Baba ya durƙusa gaban Iya da yamma, ya ce ta yi haƙuri a kai turmin ajiya, duk abin da take so a daka zai biya a daka mata. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce za ta koma unguwar Hindawiyya wurin Hajja Dije, 'yar garinsu, wadda ke da ɗakin kwano da ɗan fili a gabansa. Baba ya ce: "Iya, mutane za su ce na kore ki." Ta ce: "Su ce. Kai ka hau, Allah ya sa albarka, ka zauna abinka. Ni sauka zan yi." Ya ce to sai mu sauka duka. Nan ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba, ta ce in ya bar gidan nan saboda ita ba ta yafe ba. Da igiya aka zura turmin ta kan katanga, yadda aka hawo da shi, don matakalar ba ta juyuwa da shi. Ina roshan na ga ya wuce ta gabana yana lilo, yara a ƙasa suna ihu. Na yi kuka sosai, kuma na ji haushinta, don a lissafina na yarinya an ba ta zaɓi tsakanina da guntun icce, ta ɗauki icce.

Duk Juma'a muna zuwa gaishe ta. Ɗakin kwanon da rana ba ya shiguwa, ƙofarsa buhu ne, ruwa sai an saya a jarka. Amma Iya ta yi ƙiba. Za mu tarar da ita ba takalmi a kan turɓaya, mata sun kewaye turmi, ana lugude ana cilla taɓarya ana tafi, Hausa na tashi ta ko'ina ba gaurayen Larabci. Ta kan dama mini fura ta ce in sha in yi ƙarfi, 'yan sama ba su da ƙwari. Ina sha ina cika ina batsewa. Gidanmu kuwa ya yi tsit. Khala Su'ad da kanta ta ce wa mahaifiyata tun da Iya ta tafi take makara, don da bugun farko take tashi ta ɗora shayi.

Sai dai farar ƙasa ba ta daina zuba ba. Aka tokare katakon, wani ya lanƙwasa a gefensa, daga baya har namu rufin ya fara, inda ba wanda ya taɓa daka a kansa. Da Baba ya tabbata, ya ɗauke ni muka tafi Hindawiyya ba ma ranar Juma'a ba. Ya ce: "Iya, ba turminki ba ne. Laima ce ta cinye katakan, zan gaya wa wakili. Ki dawo." Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce: "Na sani, Haruna. Tun ranar na sani." Ta kaɗa rariya ta ce ita ta gaji da kwana tsakanin sama da ƙasa, tana so in an zo ɗaukarta a same ta kusa. A hanyar komawa haushina ya ƙaru, don ko uzurin wakili yanzu babu. A can ta rasu bayan wasu shekaru, mu kuma muka bar gidan dutse lokacin da zama cikinsa ya zama ganganci.

Yau tsohon garin ya sha gyara. An shafe gidaje, an yi wa tagogi fenti, an sa fitilu, baƙi suna yawo suna ɗaukar hoto. Namu yana tsaye, a kulle, kuma ya fi kyau fiye da yadda na san shi, sai dai ba tulu ko ɗaya a roshan. Ni ina unguwar Safa a nan Jidda, a hawa na uku na wani ginin siminti, tagogi a rufe shekara da shekaru, na'urar sanyi na gurnani. In jikana ya ja kujera maƙwabcin ƙasa ya bugo waya. Ina kewar iskar gidan dutse, ina kewar matakalarsa, na ɗauka kuma ita ce kaɗai kewar da zan tsufa da ita. Amma 'yan shekarun nan, da gwiwa ta fara ciwo, nakan sami kaina da la'asar na sauka ba dalili. Akwai wani ɗan wuri bayan inda ake ajiye motoci da ba a zuba wa kwalta ba, bai fi shimfiɗar tabarma ba. Nan nake cire takalmi in tsaya. Jikokina suna leƙowa daga sama suna tambayata da Larabci me na yar nake nema, in ce musu ba komai. A wannan ɗan wurin na daina jin haushin Iya.