Mariƙin Ƙofar Yaya

Ina cikin wani shagon labule a unguwar Xiaobei da ke Guangzhou, muna ja-in-ja da mai shagon a kan launi, sai kiran Yaya ya shigo. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya daɗe a Ingila yana aikin asibiti. Ya kunna bidiyo, ya ce in tsaya in ga gidan da ya saya.

Gidaje ne na jan bulo a jere, bango manne da bango. Rufinsu na baƙin dutse ne falle-falle, kowanne da bututun hayaƙinsa. Ya nuna mini tagar katako da ake turawa sama, da gilashi mai siffar rabin wata a saman ƙofa, har da wani ɗan ƙarfe a bakin matakala da mutanen dā suke kankare taɓon takalmi da shi.

Ya ce, "Kin ga tagar nan? Ba ni da ikon canza ta sai da izinin hukuma. Mutanen nan sun san darajar abin da kakanninsu suka bari."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Shi ne fa ya sa aka rushe gidan Baba a Kano. Ginin ƙasa ne, rufin azara, zaure biyu, ga zanko a kan soro. Kaurin bangon ya sa ko da bazara ɗakin Inna da sanyinsa. Bayan rasuwarta Yaya ya ce gidan ya zama na gara, gara a yi shaguna. Na roƙe shi a bar mana ko da zaure ɗaya. Ya ce mata ba su san harkar gini ba. Ina nan Guangzhou aka sa katafila, maƙwabciyarmu ce ta turo mini hoto. Ƙyauren zauren kuwa, in ji ta, mai tsiren bakin layi ne ya faskara shi.

Ashe kiran da dalili. Mariƙin ƙofarsa na tagulla ya karye, kuma irin na dā yake so.

"An ce babu abin da ba a ƙerawa a wajenku. Ki duba mini mana."

Na so in ce ba zan iya ba, sai na ce to. Na yi ta yawon kasuwa da hoton mariƙin a waya, kowane shago sai a kaɗa mini hannu a ce "meyo", wato babu. A unguwar Panyu na samu wani maƙeri da ya yarda ya ƙera. Da ya gama sai ya tsoma shi cikin wani ruwa, ya fito ya yi duhu kamar ya shekara ɗari ana kama shi.

Na aika. Yaya ya kira yana dariya, wai wata tsohuwar Baturiya a layinsu ta yaba masa da ya nemo na asali.

Da na je Kano na bi ta unguwarmu. Inda ɗakin Inna yake, cajar waya ake sayarwa. Mai shagon ya ce, "Hajiya, me za a ba ki?"

Na ce ba komai. Ya ce to in ɗan matsa, na tare masa ƙofa.