Yaya Sulemana da Sunayen Rumbunan Doya

Ina kwance ina karanta littafin soyayya a waya, na kai inda jarumar ke jiran mota a tasha, sai mijina Haruna ya kira daga asibitin Yendi. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Yaya ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yau ban koma kan littafin nan ba.

Yaya Sulemana wan mijina ne, shi ke kula da shafin intanet na ƙungiyar 'yan doya a nan Salaga, inda masu saye daga kudu ke duba kaya. Da aka kawo ni daga Bawku ban san kowa ba sai mutanen cikin littattafaina. Wata rana na kai masa abinci shago, ya ga idona na kan waya. Ya ce, "Amarya, an ɗaura auren ko har yanzu suna kuka? Zo zauna, mai karatu irinki nake nema."

A wurinsa na san baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Shafin yana da takardar shaidar tsaro. In wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, duk wanda ya buɗe zai ga jan gargaɗi ya gudu. Manhajar sabuntawar kuwa ga taurin kai. Yaya yakan ajiye fayilolin kowane ɗan kasuwa da sunan da mutumin ya raɗa wa rumbunsa, wani da Hausa, wani da Dagbani, wani ma da ajami. Da ta ci karo da waɗannan haruffa sai ta ce babu fayil, alhali ga shi muna gani.

Na ce, "Yaya, mu mai da su Turanci mana, mu huta."

Ya ce, "Tsohon nan na Kpandai da hannunsa ya rubuta mini sunan rumbunsa. Ni zan goge? Na'ura ake saitawa, ba mutane ba." Kullum sai ya fara saita ta ta gane haruffan, ya yi bismillah, sannan ya ba da umarni. Ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ban kuma ji ya yi wa wanda bai iya ba tsawa.

Da aka tashi daga zaman makoki, shugaban ƙungiyar ya zo gida. Ya ce wa Haruna, "Takardar nan Juma'a za ta mutu, ga sabuwar doya ta fito. Wa zai yi mana?" Haruna ya juyo ya dube ni.

Na zauna a kujerar Yaya. Da na ba da umarnin farko, manhajar ta ce babu fayil. Zuciyata ta ce canja sunayen kawai, wa zai sani? Na bar su yadda suke, na bi yadda yake yi a hankali, na yi bismillah. Takardar ta sabuntu, shafin ya buɗe lafiya.

Allah Ya gafarta wa Yaya Sulemana, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Yaya Asana juriyar takaba, Ya raya 'ya'yansa da albarka.

Jiya ta miƙo mini mabuɗin shagon, na karɓa. Gobe da safe zan buɗe.